Aminu Waziri Tambuwal: Lauyan da Majalisa Ta Zame Masa Kotu

A yankin da ya tashi daga Bodinga, ya bi ta Lambara da Shagari har Tambuwal, malaman makaranta ne suka fara buɗe ƙofar majalisa. Alhaji Shehu Shagari koyarwa yake yi kafin a zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954, kuma shi ne ya fara jan ragamar tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka da Najeriya ta ɗauka a 1979. A can Amurka lauyoyi sun daɗe da yin kaka-gida a majalisa. A nan sai da aka jima kafin a ga ɗan yankin da ya shiga zauren da ilimin shari'a, har ya nuna abin da ilimin ke iya yi.

An haifi Aminu Waziri Tambuwal ranar 10 ga Janairu, 1966. Shi ma ta hanyar malanta ya faro, domin a Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji ya yi karatu. Daga nan ya karanci shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. A 1999 ya yi wa Sanata Abdullahi Wali aikin mataimaki kan harkokin majalisa, inda ya ga yadda ake dafa ƙudiri tun yana ɗanye. A 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi Majalisar Wakilai a jam'iyyar ANPP.

Abin da ya fito da sunansa fili ya faru ne a Yunin 2011. Jam'iyyar PDP, wadda ya riga ya koma, ta ware kujerar kakaki ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Amma kundin tsarin mulki 'yan majalisa ya ba ikon zaɓen kakakinsu, ba uwar jam'iyya ba. Tambuwal ya haɗa kai da 'yan adawa, aka kaɗa ƙuri'a, ya samu 252, ita ta samu 90. Wannan majalisar ce ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi a Janairun 2012, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi kan cire tallafin man fetur, ta kuma kafa kwamitin binciken kuɗin tallafin. Abin takaici, shugaban kwamitin, Faruk Lawan, shi kansa ya faɗa cikin badaƙalar cin hanci, kuma tabon ya shafi majalisar baki ɗaya.

Ranar 28 ga Oktoba, 2014, yana kan kujerarsa, ya sanar da sauya sheƙa zuwa APC, nan take ya ɗage zaman majalisa. Dabarar lauya ce tsantsa, domin ya san tsige kakaki sai da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa. Muƙaddashin Babban Sufeton 'Yan Sanda, Suleiman Abba, ya janye masa jami'an tsaro yana kafa hujja da sashe na 68 na kundin tsarin mulki, wanda ya yi magana kan ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa. Sai dai fassara doka aikin kotu ne, ba na ɗan sanda ba. Ranar 20 ga Nuwamba aka kira zama kan tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe. 'Yan sanda suka rufe ƙofar harabar. Aka ga manyan mutane da babbar riga suna kama ƙarfe suna haura ƙyaure, ana harba barkonon tsohuwa, abokan aikinsa sun kewaye shi har suka shigar da shi zauren. A ganina, shekaru huɗun da ya yi yana kakaki su ne mafi daraja a tarihinsa, domin majalisa ta ƙi zama 'yar amshin shatan fadar shugaban ƙasa.

Yawan sauya jam'iyya kuwa abu ne da masu sukarsa ke riƙe da shi, kuma suna da hujja. Ya zama gwamnan Sakkwato a APC a 2015, ya koma PDP a 2018, ya tsira a zaɓen 2019 da ratar ƙuri'a 342 kacal a kan Ahmad Aliyu, nasarar da sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar. A 2022 ya janye wa Atiku Abubakar a filin zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa. A 2023, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, ya kayar da Ibrahim Ɗanbaba Dambuwa ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu, yayin da kujerar gwamnan da ya bari ta koma hannun Ahmad Aliyu na APC.