Daga Yaron Ƙarfe Zuwa Sunan da Aka Manta

Ranar 1 ga Janairun 1963 gidan talabijin na Fuji a Japan ya fara nuna Tetsuwan Atomu, zanen Osamu Tezuka. Labarin na wani masani ne, Dakta Tenma, wanda ɗansa Tobio ya rasu a hatsarin mota, sai ya ƙera yaron ƙarfe mai kama da shi sak. Da shekaru suka shuɗe ya ga yaron ba ya girma, sai ya tsane shi ya sayar da shi. Yara na kallo don faɗa da shawagi a sama, amma an riga an dasa tambayar da masu zanen ƙasar za su yi ta juyawa fiye da shekara hamsin: me ke sa mutum ya zama shi ne, ba wani ba?

A zamanin Tezuka jiki ake tuhuma. Haka ma a Akira na Katsuhiro Otomo a 1988, inda jikin matashi Tetsuo ya yi ta kumbura har ya fi ƙarfin mai shi.

Shekarar 1995 ta canza akalar zancen. A watan Janairu girgizar ƙasa ta ragargaza birnin Kobe, a watan Maris kuma ƴan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Ƙarshen shekarar Mamoru Oshii ya fito da Ghost in the Shell. Jarumarsa, Motoko Kusanagi, jikinta na na'ura ne, abin da ya rage mata shi ne ƙwaƙwalwa da tunanin baya. Sai fim ɗin ya kawo wani mai kwashe shara da ke ɗokin matarsa da ƴarsa, ashe bai taɓa aure ba, cusa masa tunanin aka yi. In har abin da mutum ke tunawa ma ana iya ƙirƙira masa shi, ina zai dafa?

Satoshi Kon ya ƙara matsa lamba a 1997 da Perfect Blue. Mawaƙiya Mima ta bar waƙa ta koma fim, sai ta tarar da shafin intanet da wani ke rubuta rayuwarta da bakinta, har ta fara shakkar wace ce ta gaskiya tsakaninta da wadda masoya suka gina. Wannan tun kafin a san Facebook.

Hayao Miyazaki ne ya sassauto da maganar a 2001 cikin Spirited Away. Mayya Yubaba ta ƙwace sunan yarinya Chihiro ta bar mata guntu, Sen, don duk wanda ya manta sunansa ba ya komawa gida. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma Yubaba ta san haka. Amma Haku, abokin Chihiro da ya manta nasa sunan, bai gano shi da kansa ba: Chihiro ce ta tuna kogin da ta faɗa ciki tana ƙarama, ashe sunan kogin ne sunan Haku na asali, ta mayar masa da shi.

A 2016, shekara biyar bayan bala'in girgizar ƙasa da igiyar ruwa na 2011, Makoto Shinkai ya fitar da Your Name. Matasa biyu, Taki da Mitsuha, suna musayar jiki, daga baya sunayen juna suka ɓace musu, amma kowanne ya ci gaba da neman wanda bai iya ambata ba. Tenma ya watsar da yaronsa don jikinsa ba na Tobio ba ne. Taki da Mitsuha kuwa jikin ya sauya, sunan ya tafi, duk da haka da suka haɗu a kan matakala a Tokyo, sun gane juna.