Daga tubali zuwa kwamfuta: yadda muka yi sakaci da ɗaki mai sanyi

Kafin kwano ya iso kudancin ƙasar Katsina, duk mai son ɗaki a Yankara ko Faskari ko Sabuwa, ƙasar da yake takawa ce kayan aikinsa. Talaka ya zagaya ɗaki ya ɗora jinka, mai hali ya kira magini ya yi masa soro. Kakana na wajen uba yana cikin waɗannan magina. Ni kuwa zanen gine-gine na karanta, kuma abincina yau shi ne lissafa zafin da gini zai sha da wutar da zai ci tun ba a haƙa harsashinsa ba.

Aikin su Kaka yakan fara da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya. Bango yakan fara da kauri sosai daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, amma ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce mita 2. Wannan ne ya sa gwanaye suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga ƙarshe a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya kai ruwa nesa da bango.

Amfanin wannan kauri a bazara yake fitowa. Rana ta yini tana dukan bango, amma zafin ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi, lokacin kuwa mutanen gida sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Da hunturu kuma wannan ɗumin da bango ya ajiye shi ne bargon mai ɗaki. Taga 'yar ƙarama ce, can sama. Babu wanda ya rubuta wannan lissafi. A hannu yake, ɗa ya gani wurin uba.

Sauyi ya biyo hanyar dogo. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar auduga da gyaɗa, yana sauke kwano da siminti. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo a 1975, bulo da kwano suka zama shaidar cewa mutum ya samu. Ban ga laifin iyayenmu ba: soro yana son yaɓe kusan kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, kuma wanda rufi ya taɓa ruftawa a kansa cikin Agusta ba ya son a yi masa wa'azin gargajiya. Sai dai an sayi sauƙin damina da azabar bazara. Kwano yakan wuce digiri 60 da tsakar rana, bulo mai rami kuma ba ya riƙe komai, sai aka koma neman fanka da janareta.

A can Amurka ma tsada ce ta koya musu lissafi. Bayan rikicin man fetur na 1973 gwamnatinsu ta ɗauki nauyin manhajojin auna makamashin gini irin su DOE-2 da BLAST, aka haɗa ƙarfinsu aka fitar da EnergyPlus a 2001. Nijeriya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, rufi kuma a sa masa abin tare zafi. Wato dai abin da magini ya daɗe yana yi.

To amma ka gwada shigar da soron Yankara cikin manhajar EnergyPlus ka ga rigima. Ita shafaffen bango ta sani, mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, don haka dole ka yanka bangon tubali gida-gida, kowane da kaurinsa. Tulluwar rufi sai ka farfasa ta zuwa ƙananan fuskoki, kuma idan kusurwa biyu suka kasa haɗuwa ko da kaɗan ne, sai ta yi gargaɗin cewa ɗakin bai rufu ba. Bangon da ke tsakanin zaure da shigifa, in ba ka nuna mata cewa abu ɗaya ne mai fuska biyu ba, sai ta ɗauka yana waje rana na dukansa. Kafin ta fara lissafi takan maimaita rana ɗaya har zafin bango ya daidaita, iyakarta ta asali sau 25, kuma bango mai kauri yakan cinye wannan adadi bai natsu ba.

Waɗannan duk gyaran zama ɗaya ne. Masu wuyar su ne kurakuran da ba sa hana ta ba da amsa. Idan ba ka faɗa mata zafin ƙasar da ke ƙarƙashin daɓe ba, digiri 18 take ɗauka, sai ta nuna maka ɗaki mai sanyin ƙarya. Bayanan yanayi sai an aro na tashoshin manyan birane irin su Kano. A jerin kayan gininta akwai kankare da gilashi iri-iri, amma babu tubalinmu, babu azara, babu makuba, sai mu ɗauko alƙaluman ginin ƙasa na wasu ƙasashe mu liƙa. Jadawalinta kuma yana zaton mutum a ɗaki yake kwana duk shekara. Shi ya sa duk sakamakon da ban gwada shi da ma'aunin zafi da aka rataya a ɗakin gaske ba, ba na sa masa hannu.

Wani masani, Z. R. Dmochowski, ya auna tsofaffin gine-ginenmu ya zana su, aka buga aikinsa a 1990, amma siffa ya adana, ba yadda bango ke shan zafi ba. Wannan aikin yana jiranmu, lokaci kuma ba ya jira. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, gidan ƙasa kuwa da zarar ya rasa mai yaɓe, damina kaɗan ke kwantar da shi. Ina kira ga sassan zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su tura ɗalibai su auna ƙasarmu da sauran sorayen da ke tsaye, su zauna da tsofaffin magina su rubuta abin da ke kansu tun suna raye.