Fijo 504: Yadda Motar Kowa Ta Zama Abin Nema

Duk wanda ya san hanyar Kwanar Dangora zuwa Jos a shekarun 1980, ya san wacce mota ce sarauniyar titin. Daga Kiru da Bebeji a gangara Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a ɓulla Doguwa kafin a kai Saminaka, Fijo 504 ce ke ɗaukar ɗan kasuwa da malamin makaranta, da amarya da kayan ɗakinta. Yau sai ka wuni a tasha ba ka ga ɗaya mai lafiya ba. Ita kuwa wadda ta tsira da fentinta na asali, masu sha'awar tsofaffin motoci neman ta suke ido rufe.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A wannan shekara ta 1969 aka yi mata ƙanne biyu na 'yan gayu, masu ƙofa biyu: Coupé mai rufi, da Cabriolet wadda ake naɗe rufinta. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara jikinsu, a 1974 kuma aka fara sanya musu inji mai silinda shida.

Amma a Afirka motar ta yi suna. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a hanyoyin da taɓo da ƙura ke kashe mota. A 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya ci wannan tsere da Coupé mai silinda shida, ya haɗa da tseren Bandama na Kwaddibuwa. Daga nan aka tabbatar kwalliyar ba ta hana ta ƙarko ba.

Shigowarta ƙasarmu ta dace da lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe. A 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Obasanjo ta rungumi tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'ai. A kudancin Kano ma zamanin buɗi ne: an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, otal ɗin Bagauda na karɓar baƙi, noman rani na bunƙasa. Injiniya da malamin gona da hakimi, kowa burinsa Fijo.

Me ya sa ta karɓu haka? Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta jin tsoron rami. Ƙafafun baya ne ke jan ta, shi ya sa kaya ba sa karya mata gwiwa. Babu kwamfuta a jikinta. Da kafireto da fulogi take aiki. Idan ta tsaya a tsakiyar Falgore, direba zai buɗe bonet, ya cire tiyon mai ya busa, ya kankare fulogi, ya ce wa fasinjoji su ɗan tura, sai ka ji ta tashi. Abin da ya gagari bakaniken ƙauye kuwa, ana samun sa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano.

Faɗuwarta ta faro ne daga 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Beljiyam suka kwararo ta Kwatano, Golf da Toyota suka ƙwace tasha. Turai ta daina ƙera 504 salun da Coupé tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a PAN.

A nan ne ƙimar tsohuwar mota ta samo asali. An ƙera 504 sama da miliyan 3, amma Cabriolet kimanin dubu 8 ce kacal, saboda haka masu tara motoci a Turai suke rububin ta. Abin da suke fara dubawa shi ne mitar da ke ƙirga tafiya. Motar da ba ta yi nisa ba, injinta bai sha kwancewa ba, kujerunta na asali ne, ba a yi mata walda ko ciko ba. Ita ce ke nuna yadda motar take ranar da ta bar masana'anta, kuma abin da kuɗi ba sa iya dawo da shi ke nan.

Namu motocin aiki ya cinye su. Wadda ta gama da gidan gwamnati ta koma haya, daga haya ta koma dakon masara da rake, daga nan sai 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Ƙalilan ne suka kuɓuta: ta wani dattijo da ba ya fito da ita sai Juma'a da Sallah, tana lulluɓe da tamfol a gareji, littafinta na nan a aljihun gaba.

Irin waɗannan su ne ya kamata magada su yi wa tunani kafin su sallama wa mai sikeli. Hannun 'yan Najeriya ne ya ɗaura su a Kakuri, kuma su suka yi jigilar mutanenmu shekaru talatin. Marsandin Murtala na ajiye a gidan tarihi na Legas, ana zuwa kallon ta. Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna ya cancanci ajiye 504 ƙirar Kaduna mai lafiya, tare da tarihin wanda ya tuƙa ta da hanyoyin da ta bi, tun kafin a wayi gari sai a hoto yaranmu za su gan ta.