Sunan Abu, ko Inda Yake?

Ranar kasuwa a Ɗambatta, manomi kan miƙa wa mai tura waƙoƙi da wa'azi katin wayarsa, ya ce a sa masa tafsirin Malam Ja'afar. Bai damu da kwamfutar da aka kwaso shi ba. Sunan abin ya ambata, kowane kwafi ya wadatar. Intanet kuwa ba a kan haka aka gina ta ba.

A shekarun 1970, sunayen kwamfutocin ARPANET, kakar intanet, duk suna cikin fayil guda da ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a Kalifoniya. Da suka yi yawa, Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, ya raba ikon raɗa suna hawa-hawa, kamar daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa: tambaya tana gangarowa har ta isa ga wanda ya san lambar kwamfutar da ake nema. Najeriya ta samu nata yankin, .ng, a 1995, aka kafa NiRA a 2005 don ta riƙe shi. Haruffan Turanci kaɗai tsarin ya sani. Sai a 2003 aka amince da hanyar shigar da irin ɗ ɗin Ɗambatta.

Adireshin shafi da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990 ya ɗora a kan wannan: sunan kwamfuta, sannan inda fayil yake a cikinta. Kwatance ne kawai. Shi ya sa idan jaridar Hausa ta kasa biyan kuɗin rajistar sunanta, duk adireshin rahotanninta ya mutu, ko da akwai kwafinsu a wayoyi dubu.

A 2006 Van Jacobson ya ba da shawarar a juya lamarin: a nemi bayani da sunansa, duk na'urar da ke kusa mai kwafi ta amsa. Har yau abin bai fita sosai daga ɗakunan bincike ba, alhali rumfar Ɗambatta ta daɗe tana yin sa. Sai dai Jacobson ya ƙara sharaɗin da rumfar ba ta da shi, wanda a ganina ya fi komai nauyi: kowane guntun bayani ya zo da sa hannun mai shi. A rumfa, ana iya yanke wa'azi a tsakiya, a sake masa suna, manomi ya kai gida.