Nativity

Nativity kalmar Turanci ce mai nufin haihuwa, amma ta fuskar wanda aka haifa: zuwansa duniya, da lokacin da wurin da hakan ya faru. Asalinta kalmar Latin ce, nativitas, wadda ta biyo ta tsohon Faransanci kafin ta shiga bakin mutanen Ingila. Tushensu ɗaya da native da nation da nature.

Ba a jin ta a hirar yau da kullum. In mace ta sauka, birth ake cewa. Nativity kuwa sannu a hankali ta keɓanta ga haihuwa guda, har in an rubuta ta da babban baƙi ba a bukatar ƙarin bayani: haihuwar Yesu Almasihu, Annabi Isa, ake nufi, wadda yawancin Kiristoci ke bikinta ran 25 ga Disamba. Kusan haka kalmar Larabci maulid ta yi a Hausa, inda Maulidi ya zama na Manzon Allah sai in an ambaci wani. Coci na kuma amfani da kalmar ga haihuwar Maryamu, 8 ga Satumba, da ta Yohanna Mai Baftisma, 24 ga Yuni.

Da wannan suna Turawa ke kiran cocin Baitalami da aka gina a zamanin Sarki Kwanstantin a ƙarni na 4, Sarki Justiniyan ya sake gina shi a ƙarni na 6. A kogon da ke ƙarƙashinsa an kafa tauraron azurfa mai tsini 14 a daɓe, masu ziyara na durƙusawa su taɓa shi. UNESCO ta sa cocin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Haka ake kiran siffar da ake shiryawa lokacin Kirsimeti: jariri kwance a komin dabbobi, ga Maryamu da Yusufu, ga makiyaya, ga sa da jaki. Ana jingina yaɗuwar al'adar ga Faransis na Assisi, wanda ya shirya irinta a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. A makarantun firamare na Birtaniya wasan kwaikwayo ne, yara su ɗaura tawul a ka su fito a makiyaya.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Masu duban taurari na kiran taswirar sama ta sa'ar da aka haifi mutum nativity ɗinsa. Hukumar ƙidayar Amurka kuma da kalmar take rarrabe haifaffen ƙasa da wanda aka haifa a waje.