Kumburi da jinya bayan tiyatar ɗame fatar damtse

Tiyatar ɗame fatar damtse aiki ne da likita ke yi don yanke fatar da ta saki tsakanin hammata da gwiwar hannu. Galibi ana yin ta ne ga wanda ya yi ƙiba sosai sannan ya rame, ko wanda shekaru suka sassauta masa fata. Wasu likitoci biyu a ƙasar Ajantina ne suka fara bayyana yadda ake yin ta a 1954.

A Sakkwato an fi sanin tiyatar gyaran jiki ta dalilin Asibitin Noma, wanda aka kafa a 1999 don gyara fuskokin yaran da cutar ta ci. Wancan aikin larura ne. Wannan kuwa mutum ne ke zaɓa da kansa, shi ya sa da yawa ke ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali yanka ne mai tsawo da ke buƙatar jinyar makonni.

Yadda kumburin ke tafiya

Kumburi ba alamar kuskuren likita ba ne. A damtse da hammata akwai ƙananan magudanan da ke kwashe ruwan jiki daga hannu, kuma wuƙar tiyata tana ratsa wasu daga cikinsu. Kafin jiki ya gyara su, ruwan kan taru.

Yakan kai ƙololuwa a kwanaki 2 zuwa 4 na farko, har ya sauko bayan tafin hannu da yatsu. Don haka a cire zobe da awarwaro tun kafin shiga ɗakin tiyata. Daga mako na 2 yakan fara sacewa, mafi yawansa ya tafi cikin makonni 6, amma ragowar na iya kaiwa watanni 3 zuwa 6. Ba mamaki hannu ɗaya ya riga ɗaya saɓewa.

Likita kan sa a saka rigar hannu mai matsewa na makonni 4 zuwa 6, a kuma riƙa ɗora hannuwa kan matashi su ɗara ƙirji tsayi. A nan yanayinmu ke shigowa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, gumi ya taru a hammata, daidai inda ɗinkin ya fi saurin buɗewa. Mai halin zaɓen lokaci, gara ya nufi hunturu.

Komawa aiki

Ma'aikacin ofis kan iya komawa bakin aiki bayan kimanin makonni 2. Ɗan kasuwar da ke ɗaga buhu ko dila, da uwargidan da ke daka, jan guga da ɗaukar yaro, sai sun haƙura makonni 4 zuwa 6. Batun wanka da alwala kuwa, a tambayi likita ranar da ruwa zai iya taɓa ɗinkin.

Tabo da mutuwar fata

Tabon ba ya ɓacewa. Yakan yi duhu da tauri a watannin farko, ya ɗauki watanni 12 zuwa 18 kafin ya kwanta. Masu baƙar fata sun fi fuskantar tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma. Duk wanda hujin kunne ko tsagar wanzami ta taɓa bar masa irinsa, ya faɗa wa likita tun farko, don wannan kaɗai na iya sa a fasa aikin. Shan taba da ciwon suga ma suna jinkirta warkewa.

Fatar cikin hannu kan yi dindiris na watanni saboda taɓa jijiya. Shi ya sa gashi da ruwan zafi ke da haɗari: fata za ta ƙone mai ita bai ji ba. Ƙaho da tsaga a kan kumburin kuwa ƙofar ƙwayoyin cuta ce kawai.

Alamun haɗari

A koma asibiti nan take idan hannu ɗaya ya kumbura farat ɗaya da zafin ciwo, ko yatsu suka yi sanyi suka sauya launi, ko zazzaɓi da ruwan mugunya suka bayyana. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko kumburin ƙafa ɗaya na iya nufin gudan jini ya toshe jijiya, kuma wannan kan yi kisa.

Mazaunin Dogon Daji, Tambuwal ko Kebbe ya sani cewa ƙwararrun wannan fanni a manyan asibitoci suke, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ya tabbatar likitansa na da rajista da Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, sannan ya tanadi masauki kusa da asibitin na mako ɗaya zuwa biyu, har a zare bututun tsotse ruwa a kuma duba ɗinkin.