Shekara Dubu ta Wahayin Yahaya da Muhawarar da Ta Ƙi Ƙarewa

Komowar Almasihu ba abin jayayya ba ce tsakanin Kiristoci. Katolika da Otodoks da mafi yawan Furotesta suna furta ta a cikin shaidar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a 325, aka kuma faɗaɗa a 381. Inda aka rabu shi ne yadda za ta kasance, kuma cibiyar rabuwar ayoyi ne kaɗan a sura ta 20 ta Wahayin Yahaya, inda aka ambaci ɗaure Shaiɗan da mulkin tsarkaka na shekara dubu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wannan gardama ba ta lissafin kwanaki ba ce kamar yadda ake ɗauka. Kowace fassara tana ɗauke da hukunci a kan duniyar da ake ciki: za ta gyaru ne, ko ta riga ta lalace?

Malaman ƙarni na biyu irin su Jastin Shahidi da Ireniyus sun ɗauki shekara dubun a zahirinta: Almasihu zai sauko, ya yi mulki a Urushalima. Ikilisiyar da Rum take tsananta wa ce ke magana, kuma wanda ake jefa wa namun daji ba ya sa ran adalci daga sarkin da ya jefa shi. Duk da haka Jastin ya amince akwai masu bi na gaskiya da ba su ga haka ba. Bayan sarkin Rum Kwastantin ya karɓi addinin, iska ta juya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta babban littafinsa a kan birnin Allah bayan an washe Rum a 410, ya ce shekara dubun kwatanci ne na zamanin Ikilisiya gaba ɗaya, daga zuwan farko zuwa na biyu. Wannan ra'ayi ya rinjayi Yamma fiye da shekara dubu. Daga baya masu wa'azi irin su Jonathan Edwards a Amurka suka ƙara gaba, suka ce bishara za ta mamaye duniya, a yi dogon zamanin salama, sannan Almasihu ya zo. Yaƙin duniya da ya ɓarke a 1914 ya raunana wannan fata ƙwarai.

Labarin William Miller ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba mahaukaci ba ne, ba kuma macuci ba. Manomi ne ɗan Baftis a jihar New York, mai karatun Littafi da natsuwa. Ya ɗauki kwana 2,300 da ke Daniyel 8:14, ya mai da kowace rana shekara, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844, a matsayin ranar komowar Almasihu. Wasu sun bar amfanin gona ba su girbe ba, wasu sun rabar da dukiya. Gari ya waye kamar kullum. Abin lura shi ne ƙungiyar ba ta mutu duka ba: wani ɓangare ya ce ranar daidai ce, abin da ya faru ne ya faru a sama, daga nan kuma Ikilisiyar Adbentis ta fito a 1863. Haka aka sake gani da mai wa'azi Harold Camping, wanda ya sa 21 ga Mayu, 2011, ya kuma matsar zuwa Oktoba. Markus 13:32 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun hana wannan lissafi ƙarara, amma ƙishirwar mutum ta sanin gobe ta fi ƙarfin hani.

Tsarin da ya fi tasiri a yau na John Nelson Darby ne (1800 zuwa 1882). Ya raba shirin Allah gida biyu, na Isra'ila da na Ikilisiya, ya kuma raba komowar kashi biyu: fyaucewar masu bi a asirce, shekara bakwai na tsanani ƙarƙashin magabcin Almasihu, sannan bayyana a fili. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, ya buga wannan koyarwa a ƙasan ayoyi, har masu karatu da yawa suka daina bambanta nassi da sharhi. Masu suka suna cewa 1 Tasalonikawa 4 ta yi maganar ƙaho da babbar murya, to ina asiri a nan? Suna kuma cewa ba a san rarraba komowar haka ba kafin ƙarni na 19. A ganina wannan suka tana da nauyi, kuma ba a amsa ta yadda ya kamata ba.

Sai dai dole a yi wa ɓangaren masu ganin duniya ta lalace adalci, kuma ƙasarmu shaida ce. Da hukuncin cewa duniya ta lalace yana haifar da naɗe hannu kawai, da Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent ba su sauka Legas a 1893 da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan ba. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894. Mishan irin nasu sun karanta Matiyu 24:14 a matsayin umarnin gaggawa, cewa sai bishara ta kai dukan al'ummai ƙarshe zai zo. Daga wannan gaggawa aka sami mishan ɗin SIM, aka sami Ikilisiyar ECWA a 1954, da makarantu, da wuraren jinyar kutare, da asibitin ido na Kano. Masu jiran ƙarshen duniya sun gina abubuwan da suka daɗe fiye da su.

Damuwata tana wani wuri. Tun kafuwar Isra'ila a 1948 da yaƙin 1967, almajiran Darby suka ƙara dagewa wajen karanta jarida kamar tafsirin Daniyel. Marubuci Hal Lindsey, a littafinsa na 1970, ya nuna cewa tsara ɗaya ta shekara arba'in daga 1948 za ta iya ganin cikar komai. 1988 ta zo ta wuce, amma hanyar karatun ta zauna, ta shiga siyasar Amurka, ta iso mumbarin coci-cocinmu. A wannan karatu Bayahude da Bafalasɗine sun zama alamomi a jadawali, yaƙi kuma ya zama labari mai daɗi domin yana nuna lokaci ya kusa. Kiristocin Baitalami da na Gaza, waɗanda coci-cocinsu suka girmi Darby da ɗaruruwan shekaru, ba su da gurbi a jadawalin ko kaɗan. Kuskuren Miller ya ci gonar mabiyansa ne kawai. Wannan kuwa yana koya wa mai bi a Jos ko Kafanchan ya ji labarin rushewar unguwa da mutane a ciki, ya fara neman ayar da ta dace da shi kafin ya tambayi ko mutum nawa aka ciro da rai.